Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya Na Rifkatu

Wata Alhamis ce a watan Oktoban 2009, ruwan sama ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba. An kaɗa ƙararrawar tashi, 'yan ajinmu sun yi wajen masu awara a bakin ƙofa, ni da ƙawata Rifkatu muka zagaya bayan aji muka zauna a kan saiwar wata tsohuwar bishiyar maina. Muna aji biyu na ƙaramar sakandare a Azare. Na zaro waya daga cikin hijabina, ita kuma ta ciro iyafis daga aljihun siket, duk ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Muka daɗe muna warwara. Da ta cusa bakinsa a jikin wayar ya shige daidai, sai muka kalli juna. Ta sa kai ɗaya a kunnenta na hagu, ta miƙo mini ɗayan, na tura shi ta ƙarƙashin hijabi na sa a kunnena na dama. Igiyar gajeriya ce, dole kawunanmu suka haɗu. Na danna. Ba ganga, ba sarewa, sai wani yana taɓa jita a hankali, har ana jin kurjin yatsunsa a kan tsirkiya. Can sai muryar wani namiji ta shigo, kamar yanzu aka tashe shi daga barci. Ina ta jira a fara waƙar har ta ƙare. Amma tsikar jikina ta tashi, kuma ban san dalili ba. Rifkatu ta ce, "Kulu, mene ne wannan?" Na ce, "Oho." Ta ce, "Sake sawa."

Wayar ta Yaya Auwal ce, babban wana. A Kano ya sayo ta, ta hannu, irin waɗanda ake kwasowa daga ƙasashen Turawa, kuma mai ita na farko ya manta memorinsa a ciki. Ba ta yi wata guda a hannun Yaya ba ya bar ta a aljihun wando, wandon ya shiga bahon wanki. Aka shanya ta a kan kwano, aka binne ta cikin buhun shinkafa, ta farfaɗo amma bebiya. Sifika ta mutu, layi ba ya kamawa. Ya jefo mini ita ya ce in haɗa da 'yar tsanata. Umma, wadda ta rantse ba 'yar da za ta riƙe waya a gidanta sai ta gama sakandare, ta juya ta gaba da baya ta ce, "Wayar da ba ta kira ba ta amsawa, ai madubi ce." Haka na mallake ta. A cikinta na tarar da jerin waƙoƙi ba suna, ba hoto, sai lamba. In na danna, wani ɗan layi ya kama tafiya a ƙasan gilashin kamar tururuwa. Sai in zauna a kan turmi ina kallonsa, na san ana wani abu a ciki, ni ce dai ba na ji.

Su Rifkatu mutanen kudancin Bauci ne. Babanta ma'aikacin gidan gona ne, suna haya a bayan layinmu. Ran Lahadi mukan ga sun fito cikin kwalliya za su coci, ran sallah kuwa ita ce ta farko a tsakar gidanmu da kwanonta, tana tsokanar Umma wai a ƙara mata tsoka. Yarinya ce mai dariya da dukan jikinta, in abu ya ba ta dariya sai ta dafa wanda ke kusa. Iyafis ɗin na wata 'yar rediyon babanta ne da ta ɓata. Kai ɗaya lafiyayye ne, ɗayan robarsa ta fita an naɗe shi da jan zare. Lafiyayyen nata ne, tunda kayanta ne, mai jan zare kuma nawa. Ni ina da waya ba murya, ita tana da murya ba waya, muka zama makaho da gurgu. Muka kuma kafa doka irin ta yara, wadda ta fi ta alƙali tsauri: wayata ba ta kwana a gidansu, iyafis ɗinta ba ya barin hannunta. Duk mai son ji, sai ta nemi 'yar'uwarta.

Kada a ɗauka ba mu san kiɗa ba. Mun taso cikinsa. Akwai waƙoƙin fim da ke tashi daga shagon mai caji tun safe, akwai na biki da 'yan mata ke cashewa, akwai gaɗarmu ta dandali. Duk waɗannan suna da gindi, da an fara ƙafarki ta san inda za ta sauka. Na cikin wayar nan kuwa ba su da gaba ba su da baya. Wata a tsakiya za ta tsaya cik, har ki ɗauka batir ya mutu, sai ta ci gaba. Wata muryar mai ita tana karyewa, kuma ba a gyara ba. Turancin da muke taƙama da shi a aji bai tsinana mana komai ba, don mutanen haɗiye kalmomi suke. Da yake ba su da suna, mu muka raɗa musu. Akwai Mai Tari, don wani ya yi tari kafin a fara. Akwai Kwaɗin Fadama. Akwai Ƙofa, don ana jin an buɗe ƙofa an rufe ana tsakar rerawa. Sai da na girma na ji cewa irin wannan kiɗa yana da suna, wai indi, ba na Indiya ba, na masu cin gashin kansu, waɗanda ke naɗar abinsu a ɗakin kwana ba tare da wani babban kamfani ba. A lokacin dai ɗauka muka yi wasu bayin Allah ne ke koyon waƙa, ba su kai ga iyawa ba aka sayar da wayar.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda abin ya bi ni. Ina surfe yana kaina, ina layin famfo da jarkoki yana kaina, ina tsintar tsakuwa a shinkafa ina gunguninsa. Umma ta ce, "Kulu, haƙori ke miki ciwo ne?" Da wani ya tsare ni ya ce in faɗi abin da ke da daɗi a ciki, da na rasa bakin magana. Na sha tambayar kaina ko lafiyata ƙalau, yarinya tana son abin da ba a rawa da shi, ba a kuma san abin da yake cewa ba. Abin da ke kwantar mini da hankali ɗaya ne, cewa mu biyu ne. In hauka ne, to ina da abokiyar hauka. Alhamis da Juma'a, da yake ba Islamiyya, ranakunmu ne. Sauran kwanakin kuwa sai dabara. In an kawo wuta gidan ya rikice, kowa ya yi kan soket da cajarsa, tawa ce ta ƙarshe kullum, don wa zai ba bebiya wuri. Ɗan abin da ta sha shi muke lallaɓawa a gindin maina, muna cin aya, kai a haɗe.

A kan waƙa ta bakwai muka fara saɓani, kuma ita muka fi so. Ita kaɗai ce muka kasa raɗa wa suna, don ba mu taɓa yarda a kan ko mece ce ba. Abin da nake ji shi ne mutum ɗaya da jitarsa. Zai rera layi ɗaya, ya yi shiru mai tsawo kamar yana jiran a amsa masa, ba wanda ya amsa, ya sake rera wani. Shirun nan shi ke karya mini zuciya. Nakan ga mutum a ɗaki shi kaɗai, kowa nasa ya tafi. Sai in juya da idona cike da ƙwalla, in tarar Rifkatu tana murmushi tana kaɗa kai, har tana buga cinya. Ran farko na ɗauka tsokana ce. Na ce mata ba kyau a yi wa mai kuka dariya. Ta zaro ido ta ce wane kuka, waƙar da ake tafi a ciki, ga wata mata tana amsa masa, ga 'yar ƙararrawa? Na ce wace mata? Ta ce matar mana. Muka sake sawa, na kasa kunne har na daina numfashi. Ba mata, ba tafi, sai bawan Allah da shirunsa.

Wata da watanni muna wannan. Ni na yanke a raina cewa tafin cocinsu ne ya zauna mata a kunne, har take jin sa a inda babu. Ita kuma ta ce ni komai sai na mai da shi zaman makoki. Wani lokaci abin ya zama wasa, wani lokaci mu tashi kowa na kumbure-kumbure. Mai karatu zai ce, me ya hana ku musanya kunne? Ni ma tambayar da nake wa kaina ke nan har yau. Ko a mafarki bai zo mana ba. Rediyon gidanmu sifika ɗaya gare ta, ta gidansu ma haka. A wurinmu kawunan iyafis biyu famfo biyu ne a jikin tanki ɗaya, wa zai ce ruwan wannan ya bambanta da na wancan? Ga shi kuma a sauran waƙoƙin ba mu taɓa samun gardama ba. Saboda haka kowacce ta tabbata cewa matsalar tana kan 'yar'uwarta.

Ƙarshen zango na uku, bayan an gama jarrabawa, malamai suna ofis suna haɗa sakamako, mu kuma an sake mu. Wasu na carafke a baranda, wasu na 'yar gala-gala. Muna gindin maina muna gardamarmu sai ga Binta, shugabar ajinmu, yarinya mai baki kamar reza, da 'yan rakiyarta. Ta ce a ba ta ta raba mana. Rifkatu ba ta ba kowa lafiyayyen kan, don haka na cire nawa mai jan zare na ba Binta. Aka sa ta bakwai. Binta ta yamutsa fuska tana saurare, Rifkatu kuwa ta ce, "Ga shi nan, ku ji," ta fara tafi a hankali, ɗaya, biyu, ta tsaya, ɗaya, biyu, idonta a kan Binta, tana jiran ta gyaɗa kai. Binta ta cire ta ce, "Wallahi ba wani tafi. Wani ne kawai ke nishi. Ke dai a kai ki a yi miki ruƙiyya." Aka kwashe da dariya. Wata ta karɓa ta saurara, ita ma ta ce babu. Nan take aka raɗa wa Rifkatu Mai Tafin Aljanu. Ta kalle ni, ni kuwa tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, don na fara tunanin ko ƙawata tana jin abin da babu shi a duniya. Ta ga tsoron a fuskata. Ta zare iyafis daga wayar, ta naɗe shi a yatsunta ta tafi. Har aka ba da hutu ba ta sake zuwa gindin maina ba, in mun haɗu a famfo sai gaisuwa.

Dogon hutun nan a Katagum na yi shi, wurin Dada, kakata ta wajen uwa. Azumi ya faɗo ciki. Kogi ya cika, fadama ta yi kore, gero ya fitar da kai, tsuntsaye suka sauko masa. Aikinmu mu yara shi ne kora. Da hantsi mu tafi gona, a ɗaura gwangwanaye a igiya daga wannan kunya zuwa waccan, muna ja muna ihu. Da la'asar mu tsinko rama da tafasa, mu dawo a hau dakan kunu. Na tafi da wayar, ban san don me ba, tana cikin ƙullin kayana shiru. Wata rana ina kan tudu a tsakiyar gona, hannuna ya gaji da jan igiya, na koma korar tsuntsaye da tafi, bakina kuma yana gungunin ta bakwai. Ban ankara ba sai na ji tafina yana faɗawa daidai cikin shirun mutumin nan. Ɗaya, biyu, tsaya. Yadda Rifkatu take yi. Ya zauna daram, kamar murfi a bakin tukunyarsa. Na tsaya da hannu a sama, tsuntsaye suna ta cin geron Dada. In ƙirƙira ta yi, yaya aka yi ya dace haka? In kuma yana nan, ni ina kunnena yake?

Bayan an sha ruwa na ba Dada labari, tana gasa mana tumu a bakin murhu. Ta sa na rera mata. Ta saurara ta ce ita dai kukan kurciya ta ji, amma ta tambaye ni ko yarinyar ta saba yi mini ƙarya. Na ce ko sau ɗaya. Ta juya tumun ta ce, "To, an ce kunne ya girmi kaka. Ni kaka ce, ba zan yi gardama da kunnen 'yar mutane ba." Ba ta warware mini komai ba, ta ma ƙara dagula ni. Amma tun daga ranar na ƙagu in koma Azare. Na shirya abin da zan ce. Zan ce mata ni ban ji ba, amma na yarda ta ji. Na ware mata tumu mafi girma, da ɗan ƙullin busasshen kifi don mamarta.

Bayan sallah motar kasuwa ta sauke ni. Ko hijabi ban cire ba na ce zan leƙa bayan layi. Umma ta ce in zauna tukuna. An yi wa baban Rifkatu canjin wurin aiki, sun kwashe kaya tun tsakiyar azumi, mamarta ta shigo sallama har da kuka. Umma ba ta riƙe sunan garin ba, ta ce dai can wajen kudu ne. Sai ta ɗaga murfin wata samira a kan kabad, ta ciro ƙullin leda ta ba ni. Iyafis ne, an naɗe shi tsaf. Ta ce, "Ƙawarki ta ce in ba ki. Wai in gaya miki ki saurara da kyau, akwai tafi. Ni dai ban san zancenku ba."

Sai washegari da rana aka kawo wuta. Na jira kowa ya gama, na sa tawa ta ɗan sha. Na je bayan ɗakin girki inda muke tara itace, na zauna a kan turmin da aka kifar. Na sa mai jan zare a dama kamar kullum. Ɗayan yana ta lilo a ƙirjina, ba mai karɓa, sai na ɗauka na sa a hagu. Na danna ta bakwai. Mutumin ya rera layinsa na farko ya yi shiru. A cikin shirun nan, daga hagu, wata mata ta amsa masa. Muryarta siririya, tana kusa, kamar a kafaɗata take. Sai tafi, ɗaya, biyu, tsaya. Sai 'yar ƙararrawa. Na fizge na hagu, suka ɓace, ya koma shi kaɗai. Na mayar, suka dawo. Na cire na dama, sai shi ya yi nisa can ƙasa, da ƙyar ake jin sa, mata da tafi suka cika wurin, waƙar murna sak. Kusan shekara guda muna zaune kai a haɗe, ashe kowa da waƙar da take ji. Ashe mutumin da nake wa kuka ba a taɓa barin sa shi kaɗai ba. Na yi kuka a wurin har Umma ta leƙo ta ga ko kunama ce. Ban iya gaya mata ko na daɗi ne ko na baƙin ciki ba, don ni ma ban sani ba. Tumun da na ware ya bushe a kan taga, kaji suka ƙarasa shi.

Memorin bai yi shekara biyu bayan nan ba ya daina buɗewa, ya tafi da Mai Tari da Ƙofa da duk sauran. Yau ina da wayar da ba waƙar da ba za ta kawo mini ba, kuma har yanzu irin waɗancan nake bi, masu karyayyar murya da kurjin tsirkiya. Mijina ya gaji da tambaya, ya sa musu suna waƙoƙin marasa lafiya. Na sha rera ta bakwai a bakin waya don ta nemo mini, ba ta taɓa ganewa ba, wataƙila don rabi na haddace. Na nemi Rifkatu ma, masu sunan suna da yawa, ba tawa a ciki. 'Ya'yan Yaya Auwal kuwa kowa da abinsa a kunne, ba igiya, suna zaune a tabarma ɗaya kowa yana duniyarsa. Su ba za su taɓa yin irin wautarmu ba. Amma ban ga ranar da kan ɗayansu zai jingina da na wani don igiya ta yi gajarta ba. In na bi ta bayan tsohuwar makarantarmu nakan rage tafiya, bishiyar tana nan, an zagaye ta da bulo. Nakan yi tunanin wata mata a can kudu, ƙila tana wanke-wanke, tana tafa waƙar nan a ranta, ta tabbata ta murna ce. Ni na ji rabinta, ko da a makare. Ita har yau ba ta ji nawa ba.